Zanen Bikon da Ban Yi Yaji Ba

Mijina ya ba ni haƙuri a gaban jama'a kan laifin da bai yi ba, kuma har yau ban yafe masa wannan haƙurin ba.

A Konni muke zaune lokacin, bayan tashar mota. Na wuce shekara arba'in, ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da la'asar, ina koyon riƙe alƙalami da hannun da ya saba da taɓarya. A shekarar ne likita ya ce ina da ciwon sukari. Na san ciwon. Shi ya ci ƙafar innata daga ɗan yatsa har gwiwa, ni na riƙa wanke mata gyambon har Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce in rage tuwo, in riƙa tafiya da sauri har zufa ta keto. Maigida na zaune kusa da ni, da kunnensa ya ji.

Na gwada zagaya tsakar gida. Daga turmi zuwa rijiya, daga rijiya zuwa turmi, kamar akuyar da aka ɗaure. Kwana kaɗan na bari. Sai wata rana na ji a rediyo ana zancen maraton, wai tseren dogon zango ne, da sanyi za a yi, kuma har mata na shiga. Na tambayi malamarmu nisansa, ta ce ya fi daga nan zuwa Malbaza. Ƴan ajin suka bushe da dariya. Ni kuwa zuciyata ta tsaya a kai. Tafiyar da ba ta da inda za ta ba zan iya ba, amma a nuna mini wuri a ce kai can, wannan na iya tun ina ɗaukar tulu.

Na sayi takalmin gwanjo a kasuwa. Na gaya wa maigida, ya ce, "Ke dai kin sani," ya juya ga rediyonsa.

Bayan sallar asuba na ƙulle takalmin da gorar ruwa a cikin tsumma, na fita da silifa don kada a gane. Da na hau kwalta na canza, na fara sassarfa. Hanyar da na bi ita ce ke zuwa ƙauyen iyayena. Mai kokon bakin hanya ta gan ni: mace da ƙunshi a hammata, da sassafe, ba gaisuwa, ta nufi gidansu da gudu. A wurinmu wannan suna ɗaya gare shi, yaji.

Ban yi nisa ba ƙirjina ya ɗauki wuta, cinyoyina suka goge da zane. Na zauna gindin wata bishiyar bedi na huta, na dawo a hankali. Amma na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Rana ta ɗaga sosai kafin in iso.

Na tarar da gida cike, ashe mai koko ta riga ta baza labari. Yayan maigida na kan tabarma da carbinsa. Gwaggona, ƙanwar babana, har an ɗauko ta a kabu-kabu, tana gyara lulluɓi.

"Alhamdulillahi, ta dawo da ƙafarta," in ji Yaya. Ya dubi ƙanensa. "Kai, mi ka yi mata?"

Na buɗe baki. "Yaya, ba abin da..."

"Rufe mana baki, ɗiyar nan," in ji Gwaggo. "Manya na magana."

"Gwaggo, gudu na je yi. Likita ne ya ce."

"Gudun mi? Kare ya biyo ki? Da furfurarki?"

Na dubi maigida. Kalma ɗaya ta ishe shi. Abin da nake jira kawai shi ne ya ce i, da ni aka je likita, ciwon da ya kashe uwarta ne. Sai ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Kuskure ne irin na zaman tare. A ba ta haƙuri, ba zan sake ba."

Kowa ya ji daɗi. Yaya ya yi masa faɗa na ƙa'ida, Gwaggo ta yi mini nasiha kan haƙuri da riƙon sirrin ɗaki, aka yi fatiha. Yaya ya ƙara da cewa daga yau kada in sake fita kafin rana ta fito, in ma na fita a san inda za ni. Kafin azahar an aiko da turmin atamfa da goro, wai bikona. Maƙwabta suka riƙa shigowa suna shafa zanen suna cewa na iya jan aji.

Da magariba, yana alwala, na tsaya a kansa.

"Malam, don mi ka yi ƙarya?"

"Ƙaryar mi? Na rufa miki asiri."

"Wane asiri?"

Ya aje buta. "Yaji kowace mace na yi, ba wanda zai tuna gobe. Amma a ce matata na tsere a kwalta kamar soja? Da wane ido zan zauna a majalisa?"

"Ranar da za a yanke mini ƙafa fa, da wane ido?"

"Wannan na Allah ne," ya ce, ya sa hularsa ya tafi masallaci.

Na zauna na dubi ƙafafuna. Sun kumbura, ɗan yatsa ɗaya ya yi ƙunar takalmi. Shekara da shekaru suna kai masa abinci tasha, suna zuwa niƙa, suna zuwa gaisuwar danginsa har Badaguishiri, ba wanda ya taɓa jin kunyarsu. Sai ranar da suka yi tafiyar kansu.

Washegari na bi umarnin Yaya, na jira rana ta fito. Na gaya wa maigida inda za ni, tunda an ce a sani. Na ɗauki turmin atamfar na kai wa telan bakin kasuwa, na ce ya yanka mini wando biyu masu faɗi, waɗanda ba za su riƙe cinya ba.