Da aka ce na daina gaisuwa

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Ba lafiya ce ta ɓoye ni ba.

Da tsegumi abin ya fara. A garinmu Sundimina aka ce tunda na samu koyarwa a Birnin Kudu na daina gaida mutane. Wai sai in wuce dattawa a bakin hanya, su ɗaga hannu, ko waiwaye. Har kawuna Baba Sale ya tare ni: "Habibu, albashin ne ya sa kake wuce ni kamar kututture?"

Wallahi ban gan shi ba. Gabana kawai nake gani, gefe babu. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye.

Na je asibitin gwamnati. Layi tun sassafe har bayan azahar. Likita ya auna, ya rubuta min maganin ɗigawa a ido, kansa a sunkuye. "Ɗiga safe da yamma. Na gaba!"

Na san mutane sun yi masa yawa. Na ɗiga har kwalbar ta ƙare, na ajiye, yadda ake yi da maganin zazzaɓi. Ba wanda ya ce in sayi wata.

Damina ta zagayo. A hanyar Gwaram amalanke ya fito ta damana, sai ji na yi babur ɗina ya kife. Matata Hafsa ta ce ko gero za a sayar, asibitin kuɗi za mu. Aka sayar.

Can akwai kujera mai laushi da "sannu da zuwa, Malam". Kowane gwaji da kuɗinsa. Likitar ta daɗe tana duba sakamakon.

"Hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, ba ya dawowa. Maganin da aka ba ka a can, har ƙarshen rai ake ɗiga shi. Ba a gaya maka ba?"

Ba a gaya min ba. Maganar da ba ta kai tsawon sallama ba. Can ba su da lokacin faɗinta, nan kuma sai da na biya na ji ta. Har yau abin yana cin raina.

Aka yi wa na hagu aiki. Na ji tsoro sosai, don shi kaɗai ya rage min. Alhamdulillahi, ya tsaya. Ina karatu, na koma aji. Babur dai na haƙura.

Na gode wa Allah, na gode wa Hafsa. Na gode wa Baba Sale, da ya zo dubiya ya kasa haɗa ido da ni.

Ku je a auna muku ido ko ba ya ciwo, musamman in akwai mai cutar a danginku. Kar ku tashi daga gaban likita sai kun tambaya: "In ya ƙare fa?" Wanda kuma ya wuce ku ba gaisuwa, ku tambayi idonsa kafin ku yi fushi.

In kun hango ni a hanya, don Allah ku tsaya ta hagu.