Salloli Arba'in na Kakana da Jarrabawata

Shekarun baya kaɗan, lokacin da nake gama sakandare a nan Madina, ba ni da buri sai shiga kwalejin lafiya, sashen da ake horar da mataimakan likita. Sakamakon makarantata ya yi kyau har mahaifiyata ta raba wa maƙwabtanmu na unguwar Ƙurban dabino da gahawa. Ni kuwa na san ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwaleji tana haɗa makin makaranta da na jarrabawar shiga, kuma wadda ake kira tahsili ita ke ɗaukar kaso mai tsoka. Na zauna ta sau ɗaya na sha ƙasa. Saura dama guda a wannan shekarar.

Ana cikin haka ƙanin kakana ya iso daga Kano tare da maniyyata. Gidanmu tun zamanin kakana ba a barin ɗan'uwa ya kwana a otal, don haka aka ba shi ɗakina, ni da littattafaina muka koma falo. Tsoho ne mai barkwanci, shi ma Kaka nake ce masa. A cikin 'ya'yan gidan ni kaɗai ke amsa masa da Hausa, sauran sai Larabci, saboda haka ya maƙale mini. Wai ni ne Balaraben da aka manta a tanda.

Niyya ɗaya ya zo da ita: salloli arba'in a jere a masallacin Manzon Allah, ba tare da ko ɗaya ta kuɓuce ba. Ya ce tun yana saurayi yake roƙon Allah wannan. Ni ke kai shi a mota in ɗauko shi. Na lura yana ɗingishi, na tambaya, ya ce takalmi ne. Safa kuwa ba ya cire ta, a kanta yake shafa in zai yi alwala.

Ranar jarrabawa da safe, bayan mun dawo daga asuba, na shiga ɗauko katin shaidata a ɗakin. Wani wari ya tare ni a bakin ƙofa. Kaka na kwance, jikinsa na kyarma, safar ta jiƙe. Na durƙusa na zare ta a hankali. Babban yatsansa ya yi baƙi, ja ya hau har idon sawu. Ga mai ciwon sukari irinsa, ko ni da iyakar ilimina littafin sakandare ne na san abin da wannan ke nufi.

Na kira mahaifiyata. Tana gani ta dafe ƙirji. "Baba, lazim mustashfa, dole asibiti yanzu yanzu. Bari in kira is'af, motar asibiti."

"Kar ki kira mini kowa," in ji shi. "In suka kwantar da ni azahar ta wuce, shi ke nan arba'in ta rushe. Saura ƙiris. In kuma mutuwa ce, ai a Madina nake. Wa ya fi ni sa'a?"

Ta roƙa, ta yi kuka, ya juya fuska bango. Surukarsa ce, ba za ta iya ɗaga masa murya ba. Sai ta juyo kaina: "Yalla ya waladi, kai ɗana tafi iktibar ɗinka, jarrabawar nan, za su rufe ƙofa."

Gaskiya ta faɗa. Wurin jarrabawar nan in an rufe ƙofa ko kuka kake da jini ba a buɗewa. Na tsaya da makulli a hannu ina kallon agogo, ina kallon ƙafar. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin tsohon nan har wuya. Shekara guda ina karatu, ga shi taurin kansa zai cinye ta. Amma na san in na fita babu mai iya tayar da shi.

Na ajiye makullin a kan tabarma na zauna.

"Me kake yi?" ya tambaya.

"Zama. In ba ka shiga mota ba, ba inda za ni."

"Jarrabawar fa?"

"Sai baɗi, in Allah ya kai mu. Ko in nemi aikin jiran shago."

Ba ni da tabbacin ba zai bar ni in zauna ɗin ba. Ya daɗe yana kallon silin, leɓensa na motsi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Can ya ce, "Ɗan banza. Kama ni in tashi."

Na sauke su a ƙofar asibiti, shi da mahaifiyata, na taka mota. Na isa wurin jarrabawa mai gadi yana riƙe da ƙofar zai ja ta. Tambayoyin farko ko ganinsu ba na yi, yatsan nan kawai nake gani a kan takarda.

An yanke yatsan, ƙafar ta tsira. Arba'in ba ta cika ba, kuma bai sake samun dawowa ba. Makina ya fito dab da iyakar da kwaleji ta tsayar, da ƙyar na tsallake. Da na buga masa waya Kano, sai ya ce, "Da ƙyar? Na ba ka sallolina ka kawo mini da ƙyar?"

Har yau ina ganin makin nan yana da muhimmanci, don ba don shi ba da ban sa farar riga ba. Amma ban taɓa jin nawa ne ni kaɗai ba. Kaka ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Yanzu duk tsohon alhajin da ya shigo ɗakin duba marasa lafiya yana ce mini ciwon kai ne kawai, ina sauraronsa har ya gama, sannan in durƙusa in ce, "Baba, cire mini safar nan tukuna."