Ƙyallen da Kawu Haruna Ya Mayar

A gidanmu na unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, da an idar da magariba sai mu hau saman bene, inda iskar teku ke shigowa da ƙanshin gishiri. Kakarmu, wadda muke kira Sitti, ta hura gawayi a kasko ta ɗora shayi. Can jikin bango Kawu Haruna yake zama, dogo, kyakkyawa, marar magana, matarsa Anti Safiya na gefensa kullum. Ni kuwa lokacin na fara satar karanta littattafan soyayyar yayata, don haka roƙona ɗaya ne: labari mai amarya.

"To, ga ta nan ta iso, ku tara kunne," in ji Sitti wata rana. "Yau akwai amarya, habibti, 'yar lelena. Kada dai ki ce ni na ja ki."

Ta ce an yi wani saurayi, direba a unguwar Amurkawa da ke bayan gari, bikinsa ya matso. Amurkawan nan suna da ƙwallo mai kama da gwanda, rungume ta ake yi a ruga, ƙarti su bi mutum su kayar. Da suka ga ƙirar saurayin, suka kifa masa hular kwano suka ce yalla, maza shiga fili. Wasan yana da doka: ba a tunkuyar kan wanda ya ɗaga ido sama yana jiran ƙwallo. Sai ga wani ya sunkuyo kamar rago ya yi masa hakan. Alƙalin wasa ya wurga ƙyalle ƙasa, alamar an yi laifi.

"Shi kuwa ɗan tarbiyya," Sitti ta girgiza kai, "duniya na juya masa, amma ya ga dattijon alƙali ya yar da hankici. Ya rarrafa ya ɗauko, ya kakkaɓe, ya miƙa masa da hannu biyu. Aka ce ya jikin? Ya ce ba komai. Ai wanda ya tunkuye shi kafilinsa ne, mai tsaya masa a takardun zama, ya zai kunyata maigida a gaban jama'a?"

Gardama ta kaure. Wasu na rantsuwa da kai aka buge shi, wasu na cewa kafaɗa ce. Alƙali ya dubi saurayi tsaye yana murmushi, ya cusa ƙyallen a aljihu, ya ce halas, shi ke nan, babu laifi. Aka mayar da shi fili. A karo na biyu bai tashi ba.

"Da ya farfaɗo a asibiti, amarya ta shigo da lallenta. Ya dube ta cikin ladabi ya ce, baiwar Allah, wa kike nema?"

Na ce, "Sitti, ai daga baya ya tuna ta ko? A littafi kullum ana tunawa."

Ta juya gawayi ta ce, "Da ya bar jan ƙyallen nan a ƙasa..."

"Rawaya ne."

Daga jikin bango muryar ta fito. Kawu Haruna, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba, yana kallon tafin hannunsa. "Rawaya ne. Ni na kakkaɓe masa."

Kofi ya suɓuce mini ya fashe. Babu wanda ya tsawata mini. Anti Safiya ta matsa ta ce a hankali, "Sha shayinka, ya Haruna, zai huce." Ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode, baiwar Allah."

Shekaru sun ja kafin na gane cewa a duk soyayyar da na karanta babu mai nauyin kofin shayin nan. Na kuma gane cewa dokar ta zo ceton Kawu, kunyar da muke alfahari da ita ce ta mayar da ita aljihu.

Kwanakin baya, a gidana na unguwar Sharafiyya, ɗana yana kallon wasan a talabijin. Aka tunkuyi wani, ƙyalle ya faɗi, likitoci suka fitar da shi fili.

"Ummi, wallahi sun cika tsanani," in ji shi. "Ai ya tashi da kansa!"

Na ce, "Kawunmu ma da kansa ya tashi. Rage muryar nan, ka matso kusa."