Idon Sista da Fitilar Zuma

Gwaggona, yayar babana, ba ta iya gaisuwa irin ta mutane ba. Kana tambayarta ya gida, ita tana leƙen farin idonka. In tsautsayi ya sa ka matso kusa, sai ta kama hannunka ta juya tafin, ta danne farcenka ta saki, ta ga saurin dawowar jini. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta shiga asibiti tana budurwa, ba ta fito ba sai da furfura, shi ya sa duk layinsu Sista ake ce mata, har mijinta.

Idon nan nata shi ne abin taƙamarta a duniya. Ba ta damu da sutura ba, girkinta kuma sai dai a ci don kunya, amma ta yarda babu ciwon da zai ratsa ta gabanta bai gaishe ta ba. Mai gyaran famfo ya taɓa zuwa ɗaure mata bututu, ya bar gidan da umarnin ya je a auna jininsa. Ya tafi yana gunaguni, aka auna, aka samu jinin ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi ba mu haushi ke nan da Gwaggo, yawanci gaskiyarta ce, kuma ba ta bari a manta.

Mijinta mai gyaran agogo ne, mu muna ce masa Baba. Shagonsa bai fi girman kabad ba, yana kusa da tashar mota, a nan yake wuni sunkuye da ɗan madubi maƙale a ido. Mutum ne da zai yini bai yi magana mai tsawo ba. Tun da aka yi masa aikin yanar ido yake yawo da baƙin tabarau, ba ya cire shi a waje saboda rana tana damunsa. Yakan fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo bayan faɗuwar rana, ya ajiye tabarau a kan tebur, ya miƙa wa matarsa fuska ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, sannan a ba shi abinci. Haka suka yi zaman aurensu, ban taɓa jin ya ce ya gaji ba.

Da ta yi ritaya muka zaci za ta buɗe ɗan shagon magani. Sai ta kira ni, ni da nake 'yar rakiyarta a komai, ta ce in shirya mu je sayen fitila. Ashe akwai abin da ta daɗe tana ƙullace da shi, wato doguwar farar fitilar nan ta asibiti mai ƙugi kamar sauro. Ta ce a ƙarƙashinta ta tsufa, a ƙarƙashinta ta ga duk wani mugun abu da ta gani a rayuwa, kuma irinta ce a falonta, to ta gama da ita. Ta taɓa ganin wata fitila a gidan wata likita, rumfarta gilashi ne kala-kala, an yanka shi gutsi-gutsi an liƙe da dalma, in an kunna sai ɗaki ya yi kamar an zuba masa ruwan launi. Irinta take so, kuma ba guda ɗaya ba.

Shagon yana saman bene, fitilu rataye ko'ina har sai ka sunkuya. Mai shagon irin mutanen nan ne da duk abin da ka ce sai su ce ai ka san kaya. Ya kunna mata wata ja mai zanen fure.

"Kashe," in ji Gwaggo. "Na ga jinin da ya ishe ni."

"Gaskiya ne, Mama, ja ba na manya ba ne."

Ya kunna shuɗiya. Ta dube ni a ƙarƙashinta, ta ce leɓena ya koma irin na wanda numfashi ya ƙwace wa. Koriya kuma ta tuna mata rigar masu tiyata. Akwai wata mai launin ƙasa-ƙasa da ba zan faɗi abin da ta kamanta ta da shi ba, amma mai shagon ma sai da ya kau da kai. Muka zagaye shagon nan kaf, kowace fitila aka kunna Gwaggo ta sa mata sunan cuta. Ƙafata ta yi tsami, na fara addu'ar a ɗauke wuta.

Can a lungu ya kunna wata mai faɗin baki, gilashinta rawaya-rawaya, da 'yan ganyayyaki a gefe. A bayanta akwai madubi. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya faɗa kan fuskarta. Tamojin goshinta ya kwanta, baƙin ƙasan idonta ya ɓace, ta yi shar kamar a hoton aurenta. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan kuma wane launi ke nan?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ruwan zuma, Mama."

Ni da ba ni da ilimin asibiti na san wace cuta ce take mai da mutum rawaya. Ita ma ta sani, ta fi kowa sani. Amma mutumin ya ce zuma, kuma zumar ta yi mata kyau. Ta ɗauki ta falo, ta ɗauki ta ɗakin kwana, ta ɗauki ƙarama ta wajen cin abinci. Mai shagon ya ce ai tun shigowarta ya gane mai ido ce.

Washegari aka kira mai gyaran wuta ya kwance fararen fitilun gidan duka. Da ta lura hasken rana yana kashe wa fitilunta kyau, ta sa aka ɗinka labule mai kauri, ta rufe tagogi. Gidan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kana shiga sai ka ji kamar yamma ce mai sanyi, ko da tsakar rana ce. Baba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau, ya ce, "To, madalla," ya zauna.

Wanda ya fara shiga uku shi ne surukinta, mijin babbar 'yarta. Ya zo gaisuwa, bai gama durƙusawa ba ta ce ya ɗago ido. Ta ce ciwon shawara ne, ya kama shi sosai, hanta ta taɓu. Bawan Allah ya bar wajen aikinsa ya je aka ɗebi jininsa, ya kwana yana tunanin marayun da zai bari. Sakamako ya fito, lafiyarsa ƙalau. Bayan shi sai jaririyar maƙwabta da aka kawo ta gani, aka kwashi uwa da 'ya sai asibiti, likitan yara ya duba ya ce a koma gida. Ni ma ban tsira ba, har yau in na ga allura sai na tuna falon Gwaggo.

Dangi kuwa abin nema ya samu. Mutanen da ta shekara da shekaru tana juya musu tafin hannu suka sami ranar ramuwa. Aka sa wa falon suna ɗakin shawara. Babana in zai je gidan sai ya ce bari ya je a kwantar da shi. Wata rana ana zaune, surukin nan da ba ya iya haɗa ido da ita ya ce, cikin ladabi, "Mama, ni dai na warke, saura labulen, shi ne har yanzu bai ji sauƙi ba." Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Gwaggo ta yi murmushi, amma na ga yadda ta damƙe hannun kujera. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba a taɓa yi wa idonta dariya ba.

Da mutane suka watse ta ce min, "Daga yau duk rawayar da na gani a gidan nan ta fitila ce. Ba zan sake zama abin dariyar yara ba."

Na ce, "Gwaggo, ko a mayar da fara guda ɗaya?"

"In mayar su ce fitila ta kayar da ni?"

Gwaggo in ta yanke magana ta yanku. Ta daina jan fatar idon kowa. Ka shiga gidan ta amsa gaisuwarka kamar kowace tsohuwa, har ta tambaye ka labarin aiki ta saurari amsa. Mu dai muka ce ritaya ta karɓe ta. Baba yana dawowa ya ajiye tabarau, ya miƙa fuska bisa sabo, sai ta ce ya wanke hannu abinci na hucewa. Suka koma zama a falo suna hira, abin da ban taɓa gani ba. Har dariyarsa na ji rannan, ashe yana da wushirya.

A cikin watannin nan ne ya fara susa. Ta ce sabulu ne, ta canja masa. Ya rage cin abinci, ta ce girkinta ne, wannan kuwa ba wanda ya musa. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda a bel ɗinsa da abin aikin agogo, bai gaya wa kowa ba.

Agogona ne ya tsaya, na biya shagonsa da tsakar rana. Ya karɓa, ya juya shi, ya cire baƙin tabarau zai maƙala madubinsa. Hasken ƙofa ya faɗa masa a fuska. Idon Baba ya yi rawaya kamar gwaiduwar ƙwai.

"Baba, idonka!"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Fitilar gwaggonki ce."

"Baba, a shago muke. Rana ce tsaka."

Ya dakata, ya ɗaga kai ya dubi silin, kamar mai neman inda aka rataye ta.

Na kira Gwaggo a waya. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta iso da takalmin wanka a ƙafa, ta kama hannunsa ta jawo shi bakin titi, cikin rana, masu motoci suna kallo. Ta ja fatar idonsa ƙasa. Ta juya tafin hannunsa. Ta danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya yi ƙara. Ta ce in tsayar da mota.

A asibitin da ta yi aiki aka kwantar da shi, a ƙarƙashin doguwar farar fitila mai ƙugi. Wadda ta karɓe mu ɗalibarta ce ta da, ta dubi Baba, ta dubi Gwaggo.

"Sista, ko kin lura tun yaushe ya fara?"

Na zaci za ta ce ba ta gani ba. Sai ta faɗi ranar. Ta ce ranar da aka yi ruwan nan mai iska, ya dawo jiƙe, ya cire tabarau, ta ga gefen idon hagu ya fara rawaya. Ta faɗi lokacin da ya kai na dama, da lokacin da ya sauko tafin hannu. Ta jera su tsaf kamar mai miƙa rahoton aiki. Babu abin da ya wuce ta, kullum tana gani, kullum tana ce wa kanta fitila ce. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana rubutu, ni kuma na fita waje don kada in yi kuka a gabansu.

Tsakuwa ce ta toshe masa hanyar maɗaciya. Aka yi aiki aka cire. Likita ya ce an zo a makare, hantar ta sha wuya, zai tashi amma ba zai koma kamar da ba, zaman shago kuma sai haƙuri. Gwaggo ta yi jinyarsa da kanta, ba ta bari kowa ya taɓa shi ba. Kafin a sallame shi ta aike ni gida da mai gyaran wuta, aka sauke fitilun nan aka tura ƙarƙashin gado, aka yaye labule, aka mayar da farare.

Muka kawo shi gida da rana, ina riƙe da hannu ɗaya tana riƙe da ɗaya. Ya zauna a kujerarsa yana haki, ya dubi sama, ya dubi tagogi.

"Sista, ina fitilar?"

"Na cire. Ita ta kusa kashe ka. Ba ita ba ce ma. Ni ce."

Baba bai iya ganin mutum cikin damuwa ba. Ya lalubo hannunta ya riƙe, ya yi ta neman abin da zai faɗa ya sanyaya mata rai, har ya samo.

"Haba, daina faɗin haka. Ni fa tun da na aure ki ban taɓa jin daɗin zama da ke ba kamar watannin nan da ba kya duba ni."

Shi a ganinsa lallashi ya yi, har yana murmushi. Gwaggo ta zauna a hannun kujera. Na tashi na shiga kicin na bar su.