Mazubin Tokar Uwar Bature

Ni masassaƙi ne, ɗan masassaƙi. Kakana daga Barno ya zo ya zauna a Katagum, mahaifina kuma ya dawo Azare da gizagonsa lokacin da garin ya fara cika. Turmi da taɓarya muke yi, da akushi da kujerar mata.

Bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, wani soja ɗan unguwarmu ya dawo da wata dabara da ya gani a can. Ana kafa guntun itace tsakanin ƙarfuna biyu masu tsini, a zagaya masa igiyar fata, a riƙa taka wani katako da ƙafa. Itacen na juyawa, kai kuma ka kara masa ƙarfe mai kaifi, yana ferewa. Mu biyu muka haɗa namu da ƙafar wani tsohon keke, sai mutane suka sa masa suna keken sassaƙa. Sojan bai daɗe ba ya gaji, ya koma dillancin fatu ya bar mini shi. A lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu. Da wannan keken nake fere ƙafafun gado da ƙananan akusa masu murfi, aikin da gizago ba ya iya fitarwa sumul.

Wata safiya kukun wani Bature ya yi mini sallama. Baturen shi ne mai kula da ginin rijiyoyin siminti a ƙauyukan Shira da Disina. Kukun Bafillace ne, dattijo, mun san juna a kasuwa. Ya zauna a kan wani turmin da ban gama ba, muka gaisa, sannan ya ce, "Maigidana na son akushi mai murfi, dogo kamar tulu, mai ado. Amma gara in faɗa maka tun yanzu, ba na abinci ba ne. Uwarsa ce ta rasu a ƙasarsu, suka ƙone gawar kamar yadda wasunsu ke yi. Da ya je hutu ya taho da tokar a cikin gwangwani."

Na ajiye ƙarfen hannuna. Ban taɓa jin an ƙone mamaci da gangan ba, balle a ce ɗansa ne ya yarda. Na ce masa ya ba ni lokaci in yi shawara.

Matata ta ji komai daga bayan zana. Da na shiga ta ce, "Malam, in dai za ka yi, to kada wannan gwangwanin ya shigo gidan nan." Na ce ai ban ma ce zan yi ba.

Bayan la'asar na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na kwashe labarin na faɗa masa. Ya shafa gemu, ya tambaye ni, "Kai za ka ƙone ta?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam, an riga an ƙone."

"To abin da ya faru ya faru, ba da hannunka ba. Mu ba ma yin haka, kuma ba za mu yi ba. Amma 'yar Adam ce, ɗanta na neman inda zai suturta abin da ya rage nata. In zuciyarka ta natsu ka yi masa. In ba ta natsu ba ka bari, babu laifi a kanka."

Na karɓi aikin. Matsalar farko ita ce sanin girman cikin, tunda ba zan ga gwangwanin ba. Kukun ne ya warware ta: ya samo wani gwangwani irinsa, ya cika shi da gero, ya juye mini a ƙwarya. Duk sa'ad da na rarake cikin itacen sai in zuba geron in ga inda ya tsaya. Geron nan ko kusa da tokar bai je ba, amma matata ta ƙi daka shi. Kaji suka ci.

Da maɗaci na fara, saboda jansa. Na fere shi har ya yi kyau, na ajiye a inuwa, kafin mako ya zagayo ya tsage daga baki har gindi, ashe cikinsa bai gama bushewa ba. Sai na hau jaki na tafi Disina wurin wani abokin mahaifina, ya ba ni guntun ƙirya da ta yi shekara da shekaru a jingine a bayan rumbunsa. Ƙirya tauri gare ta. Ƙafata ta dama ta kumbura don taka keke, ƙarfe kuma sai na yi ta wasa shi. Murfin ya fi ba ni wahala, don ina son ya shige daidai, ba ya rawa, ba sai an buga ba.

Da na zo ado sai na rasa irin wanda ya dace. A ƙarshe na yi abin da na sani. Na kara waya a jikinsa yana juyawa har ta yi zafi ta bar baƙaƙen zobba a wuya da gindi, tsakaninsu kuma na zana irin zanen da matan Fulani ke yi wa ƙwaryar nono. Na shafe shi da man kaɗanya har ya yi duhu yana sheƙi.

Ni na kai wa Baturen da kaina, da ɗan kakin zuma na liƙe murfi. Dogon mutum ne, rana ta gasa masa wuya, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya juya mazubin a hannunsa, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. Na yi niyyar in bar masa kakin in tafi, sai ya ce, "Tsaya, ka riƙe mini." Na riƙe. Ya buɗe gwangwanin ya juye a hankali. Ba irin tokar murhu ba ce, ta fi kama da farin yashi mai tsakuwa. Kaɗan ta zuba a kan tebur, ya tattara da gefen tafinsa ya mayar.

Ya ce, "Tana son zuwa ta ga inda nake aiki. Ba ta samu ba."

Na ce, "Allah Ya ba ka haƙuri." Ya ce amin, kamar yadda ya ji muna faɗa. Na narka kakin na liƙe murfin, muka yi sallama. A hanya na tsaya a bakin rijiya na wanke hannuwana, na yi alwala.

Da damina ta wuce aka yi masa canji zuwa wajen Misau. Kukun ya gaya mini a gaban mota ya zauna da mazubin a kan cinyarsa, bai yarda an sa shi cikin kaya ba. Daga baya wani ɗan Indiya mai kanti a Kano ya aiko in yi masa guda biyu irinsa, na yi, ban tambayi na su wa ba ne.