Sa Hannun da Baba Dauda Ya Tara

Baba Dauda ya rasu. Da safen nan 'yarsa ta kira ni daga Greensboro, can jihar North Carolina.

Duk wanda ya zauna can a shekarun casa'in ya san shi. Mutumin Kagoro ne, direban motar kai kaya. Ni kuwa ɗalibi ne daga Zariya, ina karanta kimiyyar siyasa, ba mota ba dangi. Shi ya koya mini tuƙi a filin cocinsu. Da azumi, shi da ba ya yi, sai ya kawo mini kunun gyaɗa har ƙofa.

Matarsa, Mama Saratu, ungozoma ce, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a asibiti a ƙasarmu. Da suka je Greensboro aka ce takardunta ba su da amfani. Ta koma wankin zannuwan gado a gidan tsofaffi. Abin yana cin Baba a rai.

Sai wani ɗan'uwansa da ke California ya gaya masa wai a can jama'a kan tara sa hannu, a sa doka a takardar ƙuri'a, mutane su zaɓa da kansu. Baba bai daɗe da zama ɗan ƙasa ba, ga shi mulkin soja ya baro. Ya ce shi ke nan, zai nemo dokar da za ta karɓi takardun irin su Mama.

Kowace Asabar yana tsaye a bakin shagunan High Point Road da takarda da biro. Lahadi kuma coci-coci a East Greensboro.

Ni kuwa na sani. A aji aka koya mana: tsarin mulkin North Carolina bai ba talaka wannan ƙofa ba sam, sai abin da 'yan majalisa suka ga dama suka miƙo masa. Ko jihohin da suka buɗe ta, sun cika ta da sharuɗɗa.

To amma yaya zan dubi dattijo in ce masa ba haka ba ne? Na karɓi biro na sa hannu, ni da ko ƙuri'a ba ni da ita. Ina jin wai ladabi na yi.

Kusan shekara ya yi yana wannan wahala. Ya ɗauki hutu, ya sa kwat, ya kai kwali biyu na takardun sa hannun Raleigh, babban birnin jihar. Wata ma'aikaciya ta yi masa bayani tana murmushi, ko buɗe kwalayen ba ta yi ba. Har yau in na ji ana ce mana mulkin jama'a ne, sai raina ya ɓaci.

Ganinmu na ƙarshe, ranar da ya kai ni filin jirgi ne, zan bar garin. Muna hanya ya ce, "Garba, kai da wannan ne karatunka, ka sani, ko?"

Na ce na sani, Baba.

Sai ya ce, "Ka bar ni na yi wa Saratu alkawari."

Duk da haka shi ya ɗaukar mini jaka har ciki.

Mama ba ta sake karɓar haihuwa ba har ta bar aiki. Ni kuma kullum sai in ce gobe zan kira shi in ba shi haƙuri. Ban kira ba.

Allah ya ji ƙan Baba Dauda, ya ba Mama Saratu da yara juriya. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini gafara, don ba ni da wanda zan ba haƙurin yanzu.