Baba Abdulaye Mai Tutocin Baƙi

Ku gafarce ni da na tsayar da ku. Ni ba ma'abociyar rubutu ba ce, allo na sani da keken ɗinki, amma akwai amanar mamaci a ɗakina, kuma ban san mai ita ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Safar, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Baba Abdulaye Isaka a gidansa da ke unguwar Gamkalley a nan Yamai, bayan doguwar jinya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ma'aikatar harkokin waje yana kula da tutocin ƙasashe: ta kan tebur, ta gaban mota, da babbar nan ta filin jirgi. Shekara ashirin daga ciki ni nake ɗinka masa.

Baba, ban manta ranar da ka fara tsayawa da mobiletinka, ɗan ƙaramin babur ɗin nan, gaban rumfata a unguwar Boukoki ba. Ka dubi zanen fuskata, ka gaishe ni da Zabarmanci, ka ja ni da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ka ce, "Fofo, Bagobira. Ashe bayina sun iya ɗinki?" Na ce, "Dole mu iya, Baba, tunda Zabarmawa ko zare ba su iya zurawa a allura ba." Ka yi dariya har hularka ta karkace.

Na taɓa tambayar ka aikin me ministanku yake yi da kullum yana cikin jirgi. Ka ce, "Kowane gida yana da mutum guda da ake aikawa wajen maƙwabta: suna, gaisuwar mutuwa, ko in akuya ta shiga gonar wani. To shi ne. Shugaba ke yanke magana, shi ke kai ta, kuma ya san wadda ake faɗa da wadda ake haɗiyewa." Ka yi aiki zamanin soja da na farar hula, ƙarƙashin ministoci maza da mata. Kana jero sunayensu tun daga samun 'yancin kai kamar mai jan tasbaha, har waɗanda ba ka riska ba. Ban taɓa jin ka aibata ko ɗaya ba. Wanda ya kwanta maka a rai kuwa, iyakar abin da za ka ce shi ne, "Wancan yana gaisuwa."

Akwai shekarar da wata ƙasa ta canza tutarta, ga ministanta zai sauka da la'asar. Ka zo da hantsi da zane a takarda, muka shiga Babbar Kasuwa neman shuɗi. Rumfa bakwai muka zaga kana girgiza kai, ni kuwa duk shuɗi ɗaya nake gani. Ana kiran azahar na yanke zaren ƙarshe. Washegari ka zo da ƙunshin salak da karas na lambun bakin kogi, ka ce baƙon ya tsaya ya shafa tutar, idonsa ya kawo ruwa, don bai taɓa ganin ta a wajen ƙasarsu ba.

Da maigidana ya rasu ina takaba, ka riƙa aiko matarka Hajiya Balkisa da aiki har gida, wai don kada keken Bagobira ya yi tsatsa. Na gane, Baba. Ban dai faɗa ba.

Bayan ka ajiye aiki ne ka kawo mini akwatin ƙarfe cike da tutocin da aka daina ɗagawa, har da na ƙasashen da yanzu babu su. Uku suna ɗauke da sunan Allah, ka ce ba ka yarda su taɓa ƙasa ba. Ka ce in ajiye har ka dawo mu yi shawara. Ciwo ya riga ka.

Ban sani ba ko an bar maka su ne, ko ajiyar gwamnati ce. Hajiya ba ta sani ba. Ɗanka Nassirou ya ce, "Inna, tsummoki ne, ki yi yadda kika ga dama." Allah ya yi masa albarka, amma ba zan iya ba. In na magada ne, sai sun shiga rabon gado bayan sadakar arba'in. In na gwamnati ne, ba na so ka kwana a kabari da kayan jama'a rataye a wuyanka saboda shiruna.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Balkisa, da Nassirou da ƙannensa, da jama'ar Gamkalley. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata tamu in ta zo.

Ku da kuka yi aiki tare da shi, wani a cikinku ya san asalin akwatin nan. Saura kwana goma sha tara arba'in. Don Allah a aiko mini da amsa da wuri, ko ta hannun Hajiya.

Sa'adatu Tela, Boukoki, Yamai